Abin da Ƙanina Ya So Ya Haƙo a Zuru

Bara da bazara na je gida Zuru, na tarar ƙanina ya mayar da kusurwar ɗakinsa wurin gwaji. A kan tebur akwai wata kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, mai suna Raspberry Pi. Ya haɗa ta da batirin sola, ya kuma soka mata wata 'yar na'urar haƙar Bitcoin mai kama da filashi. Ya ce mini, "Yaya, wannan somin taɓi ne. In na sayar da babur ɗina, babbar na'ura zan sayo, ko da ta hannu ce." Babur ɗin nan shi ke ciyar da shi da amaryarsa, shi ya sa na ja kujera na zauna.

Abin da na fara fahimta shi ne, ƙaramar kwamfutar ba ita ke haƙa ba. Aikinta irin na kamashon tasha ne: ta karɓo aiki ta intanet daga gungun mahaƙa, ta miƙa wa na'urar da ke lissafi, ta mayar da amsa, ta kuma sa ido kan zafi da gudun fanka. Hatta manyan na'urori irin su Antminer, a cikinsu akwai irin wannan ɗan allo mai sarrafa su. Da yake ƙarfinsa kaɗan ne, duk wanda zai rubuta masa manhaja sai ya zaɓi abin da zai haƙura da shi.

Ƙanina ya so shafi mai zane-zane da launuka wanda zai riƙa dubawa ta wayarsa. Amma kusan kowane minti 10 ake kammala sabon shafi a kundin Bitcoin, kuma da zarar an kammala, aikin da ke hannun kowa ya zama tsohon yayi. Idan kwamfutar ta shagala da ƙawata allo ta makara wajen miƙa sabon aiki, na'urar za ta ci wuta kan lissafin da ba mai biya. Con Kolivas, likitan nan na Ostireliya da ya rubuta manhajar cgminer, da harshen C ya rubuta ta, fuskarta rubutu ne zalla. A 2013 ma ya cire sashen haƙa da katin hoto na kwamfuta baki ɗaya, ya bar na na'urori na musamman. Mutumin ya san amfanin rage kaya.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne katin memori. Manhaja mai son adana tarihi tana rubuta komai a kan katin: zafi, gudu, kowane kuskure. A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa wannan alheri ne. A Zuru kuwa, in batir ya mutu ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, katin na iya lalacewa, kwamfutar ta ƙi tashi sai an sake loda mata komai. Sau biyu hakan ta faru da shi kafin zuwana. Maganin da masana suka sani shi ne a kulle katin ya zama na karantawa kawai, a riƙa ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi. To, sai dai duk lokacin da wuta ta tafi, tarihin ya tafi da ita. In na'ura ta yi ciwo da dare, da safe ba ka da shaidar abin da ya same ta. Ni ɗan jarida ne, zubar da bayanai yana mini ciwo. Duk da haka, a garinmu na fi son na'urar da za ta farka da kanta a kan wadda ta iya ba da labarin mutuwarta.

Sai zafi. Manhaja na iya ƙara wa na'ura gudu, amma wutar da za ta ci da zafin da za ta fitar sun fi ribar saurin hauhawa. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, manhajar kirki ita ce mai rage gudu tun kafin a roƙe ta.

Da muka zo kan babbar na'urar, sai muka ɗauko biro. Antminer S19 na cin kimanin wat 3,250, wato yunit 78 a kwana guda. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin wuta kaɗai ya kai naira 17,550 kullum, ga wanda ke samun wutar ke nan. Da janareto kuwa ba a ma fara maganar ba. Shi ya sa masu haƙa a Afirka, kamar kamfanin Gridless a Kenya da gandun dajin Virunga a Kwango, suke maƙalewa a gindin ƙananan tashoshin lantarki na ruwa, inda ake da rarar wutar da ba mai saye.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, ya aka yi Pi ke maining a waya ba ta cin batir?" Shekaru ya yi yana danna maɓallin nan kowace awa 24, kamar dubban matasan Arewa. Na ce masa waɗanda suka ƙaddamar da Pi a 2019 su ma zaɓi suka yi, kuma nasu ya fi na kowa tsauri: sun cire lissafin daga wayar gaba ɗaya. Dannawar sa hannu ce a rajistar halarta. Google ma tun 2018 ya hana manhajojin da ke haƙa a kan waya shiga kasuwarsa.

Bai sayar da babur ɗin ba, ko da yake ban san ko lissafina ne ya hana shi ko idon amaryarsa. Ya kulle katin, ya rage wa 'yar na'urar gudu. Makon jiya na kira shi na tambayi sau nawa ta mutu ta tashi tun bayan tafiyata. Ya yi dariya ya ce ai ba ta ajiye lissafi yanzu.