Ranar da Iya Ta Koya Mini Rinin Gashi

Da na koma gida Sandamu hutun ƙarshen zango, sai na tarar da ƙanwata a kwance, kai a kumbure. Ashe bikin ƙawarta ake shiri a Daura, ta sayo dayis a kasuwa ta lafta wa gashinta don ya ƙara baƙi. Kafin gari ya waye fatar kanta ta feso da ƙuraje, idanu sun rufe, sai da aka kai ta asibiti. Can aka ce mana irin wannan rini yana da wani sinadari mai suna PPD, wanda jikin wasu ba ya ɗauka.

Kakarmu Iya ba ta ce uffan ba sai da yarinya ta warke. Ran nan ta kira ni ta ce, "Ke 'yar boko, zo ki rina mini furfurata, ita kuma ta zauna ta gani."

To, mai karatu, a nan na sha kunya. Shekara biyu ina nazarin Hausa, na san ana ce wa attajirai masu hannu da shuni, har na taɓa rubuta shi a jarrabawa, amma ban taɓa ganin shunin da idona ba. Iya ta ce a zamanin 'yanmatancinsu daga marina ake sayo shi, a cuɗa da man shanu a shafe kitso, har ya riƙa ɓata wuyan riga, ba mai damuwa.

Ganyen lalle muka fara tsinkowa, muka shanya a inuwa. Da ya bushe na daka, na tankaɗe da rariya sau biyu, domin Iya ta ce in da tsaki-tsaki ba ya fita daga gashi. Muka kwaɓa da ruwan tsamiya, muka rufe ya kwana. Da safe na tsefe mata kai, na bi tsaga-tsaga ina shafawa, ta ɗaure da tsohon ɗankwali har azahar. Da aka wanke, furfura ta yi jajir kamar gemun liman. Ƙanwata ta fashe da dariya.

Iya ta ce, "Saura baba." Shi garin ganyen baba ba ya kwana, ana kwaɓawa da ruwan ɗumi ake shafawa, in an jinkirta ƙarfinsa ya tafi. Kafin magariba jan nan ya koma baƙi. Sai a lokacin na gane lalle shi kaɗai ba ya baƙi, duk wanda aka kira baƙin lalle an gauraya shi da wani abu.

Ƙanwata ta shafa kan Iya, ta ce ya yi kyau, amma ita fa ba ta da haƙurin kwana da yini. Ni kuwa na dawo makaranta da farce baƙi-baƙi, da ƙullin garin baba a cikin akwatina.