Ƙasar Yako Da Haƙƙin Yaran Birni A Kan Iyayensu

Maganata a wannan mako da ku take, ya 'yan'uwana 'yan kasuwa na Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau, da ku ma'aikatan ofisoshin gwamnati, a kan wani haƙƙi na 'ya'yanmu da muke tauyewa alhali muna zaton gata muke yi musu.

Ku dubi yinin yaron birni a yau. Daga ɗaki sai mota ko A Daidaita Sahu, daga nan sai aji. In ya taso daga boko ya tafi Islamiyya, in ya komo ya zauna gaban talabijin ko ya karɓi wayar uwarsa har barci ya ɗauke shi. Filayen da muka yi langa da ƙwallo a kansu sun zama kantuna, kududdufai an cike su an yi gini, badala kuwa ta zaizaye. Uba ba shi da laifi in ya ji tsoron titi ya kulle ƙofa. Amma yaron da aka kulle, akwai abin da ya kuɓuce masa, kuma kuɗin makaranta ba ya mayar da shi.

In mutum ya kama hanyar Zariya daga Kano, ya wuce Kura da shinkafarta, ya wuce Kadawa da Ciromawa, zai ga ƙasa tana sake kama a hankali. Itatuwa suna ƙara tsawo da yawa, ciyawa tana ƙara duhu, domin ruwan sama ya fi sauka a kudancin jihar bisa ga arewacinta, kuma damina takan riga farawa a can. Yako gari ne na manoma a cikin Ƙaramar Hukumar Kiru, ƙasar da layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya ratsa. Ba shi da wani abin da masu yawon buɗe ido suke nema, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na zaɓe shi. Abin da yaro yake bukata gona ce da rafi da inuwar itace da dattijon da zai gaya masa sunan abin da ya gani, kuma duk suna nan.

Na kwana huɗu a can cikin hutun damina tare da yara biyar na danginmu, babbansu shekararsa 14. Duk cikinsu babu wanda ya bambanta karan gero da na dawa. Ɗaya ya tambaya ko a wace masana'anta ake yin daddawa. Mai masaukinmu bai yi masa dariya ba, sai ya ja shi gindin ɗorawa ya bayyana masa yadda take fure da rani, yadda ake ɗebo 'ya'yan a raba garin da kalwa, a dafa kalwar a rufe ta kwanaki har ta yi. Daga nan ya bi da su itace itace: ga kaɗanya da ake man kaɗe da ƙwallonta, ga marke da ake turmi da taɓarya da ƙotar gatari da irinsa, ga maɗaci mai ɗacin ɓawo, ga ɗinya da ake tawadar allo da ganyenta. Da suka iso wani gawo tsirara a tsakiyar gona mai kore shar, yaran suka ce ya mutu. Ya ce a'a, haka Allah ya halicce shi, yana zubar da ganye da damina don kada ya tare wa shuka rana, ya yi sabo da rani lokacin da dabbobi suke neman ci, shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ban ga darasin tauhidi da ya shiga zuciyar yaro kamar wannan ba, kuma wanda ya ba da shi bai taɓa shiga aji ba.

A nan nake so malaman Islamiyya su saurare ni, domin su abin ya fi shafa. Littattafan fiƙihun da muke karantar da yara, daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid, an rubuta su ne ga mutanen da suke rayuwa a ƙarƙashin sararin sama. Lokacin Azahar yana shiga ne in rana ta gushe daga tsakiyar sama, La'asar kuwa in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an ɗebe inuwar zawali. Yaro ya haddace wannan sarai, amma bai taɓa kafa sanda a ƙasa ya duba ba. A Yako muka kafa kara a tsakar fili tun hantsi, yaran suna zana ƙarshen inuwa da tsinke, suna gani tana raguwa har ta tsaya, sa'an nan ta soma ƙaruwa wajen gabas. Ƙaramin cikinsu ne ya fara cewa, "Baba, ta juya!" Mas'alar da na yi shekaru ina maimaita wa ɗalibai ta zauna masa cikin sa'a uku. Kuma a ƙasarmu akwai wani abin lura: rana takan bi daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, sai inuwar zawali ta kusa ɓacewa ɗungum. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuwa arewa. Na biyun yana faɗowa cikin dogon hutu, in hadari bai rufe ba.

Haka batun alfijir. Muna gaya wa yara akwai na ƙarya mai miƙewa sama, akwai na gaskiya mai yaɗuwa a gefen gabas. A birni hasken fitilu da ƙura da dogayen gine-gine sun rufe duka biyun, yaro ya san asuba ne da lasifika kurum. Taurari ma haka. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa suke kira Surayya, sun san Zara da Gamzaki, malamai kuma suna lissafa wa manoma shekara da manzilolin wata 28, kowace kwana 13, ɗaya tana da 14, jimla 365. Daren da gari ya washe a Yako, yaran suka kwanta bisa tabarma suna kallon sama shiru, har sai da aka tashe su.

Babin zakka kuwa ya fi kowanne maraici a birni. Ɗalibi zai gaya maka nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da wahala rabin haka. Zai gaya maka a shanu 30 ana ba da tabi'i, a 40 musinna. Ka kai shi garke ka ce ya nuna maka musinna, sai ya tsaya yana kallonka. Bafillace kuwa ɗan shekara 10 zai buɗe bakin saniya ya karanta maka shekarunta a haƙori. Wanene ya fi sanin mas'alar a cikinsu? Kowa rabi ya riƙe.

Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Manyan Makka, 'yan kasuwa irinku, sun kasance suna ba da jariransu ga matan ƙauye su tafi da su, saboda tsabtar iska da ƙarfin jiki da fasahar harshe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi farkon ƙuruciyarsa a hannun Halimatus Sa'adiyya cikin Banu Sa'ad, kuma masu sira sun ruwaito cewa bayan yaye ta roƙi mahaifiyarsa ta bar mata shi don tsoron annobar Makka. Ya yi kiwon tumaki ga mutanen Makka, Buhari kuma ya ruwaito cewa babu annabin da bai yi kiwo ba. Imamu Shafi'i ya zauna cikin ƙabilar Huzail ya ɗauki Larabci daga bakinsu. Mu ma nan muna da kiskadi, inda gardawa suke kafa bukkoki a bayan gari don hadda. Amma kada wani ya ɗauki maganata hujjar tura yaro almajiranci babu guzuri babu mai kula. Halima an san ta, an san gidanta, ana biyan ta, tana kuma kawo shi wurin uwarsa. Wannan dabam, wancan dabam.

Likitocin zamani sun zo da abin da ya ƙarfafa wannan. Sun lura cewa yaron da ya daɗe a ɗaki yana duban abu kusa kusa, idonsa yakan kasa ganin nesa, kuma hasken rana yana rage aukuwar haka. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 a waje kowace ranar makaranta har shekara uku. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna kashi 30 cikin 100 ne suka kamu da ciwon, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kusan kashi 40 ne. Taiwan kuwa tun 2010 ta umurci makarantunta su riƙa fitar da yara sa'a biyu kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla sa'a ɗaya ta motsa jiki a yini. Ku ƙirga tabarau nawa ne a fuskar yaran unguwarku, ku kwatanta da lokacin da kuke ƙanana.

Daga Yako ba nisa zuwa Tiga a ƙasar Bebeji. Madatsar ruwa ce da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2, faɗin tafkinta kuwa wajen murabba'in kilomita 178. Ita take shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, watau tumatir da shinkafa da alkamar da kuke saye. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na tanki ba, in ya tsaya a bakinta ya ga masunta cikin kwale-kwale da tsuntsaye suna shawagi, ba ya mantawa. Amma a nan dole in tsananta. Kada a bar yaro ya shiga ruwan nan ko na magudanan ban ruwa, ko da ya iya iyo. Ban da nutsewa, akwai tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga ƙananan dodon koɗi na ruwan kwance ta huda fata, bayan makonni yaro ya soma fitsarin jini. Tana da magani a asibiti, amma rashin kamuwa ya fi. Kallo daga gaɓa ya isa.

Gaba da nan, in an bi ta Tudun Wada zuwa Doguwa, hanya tana ratsa dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, wanda aka killace tun shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Bayansa akwai duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza. Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai daga wajen 2015 sunan dajin ya ɓaci saboda ɓarayin shanu da masu sace mutane. Ba na ba kowa shawarar ya shiga da yara sai ya tambayi mutanen wurin da jami'an tsaro, kuma da rana tsaka. Ni dai a wannan tafiya iyakarmu Tiga.

Yawancinku, in an bi salsala, kakanninku daga wani ƙauye suka shigo, kuma har yanzu akwai dangi a can waɗanda ba a tuna su sai an yi rasuwa. Kai yaro wurinsu mako ɗaya sada zumunci ne kafin ya zama komai. Sai dai a yi shi da mutunci. Watan Agusta lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, don haka kada ka sauke wa talaka baki biyar hannu rabbana. Ka tafi da buhun abinci, da gidan sauro ga kowane yaro, da takalmi mai rufi saboda maciji da ƙaya. Ka gargaɗi 'ya'yanka kada su raina tuwon gidan ko su kira kowa baƙauye, kuma ka karɓe wayoyin tun a mota. 'Yan mata ma su tafi tare da iyayensu mata ko gwaggwanninsu, domin su aka fi kullewa a birni, kuma su ne za su yi renon na gaba. Alhajin da yake da gona a wannan yanki, wadda bai sani ba sai ta hannun wakili, ya ɗebi yaran maƙwabta tare da nasa.

Wanda ba shi da ƙauye ko halin mota, ga Dutsen Dala da Goron Dutse a cikin gari, ga kuma Gidan Zu na Audu Bako. Makarantun Islamiyya da suke hutu Alhamis da Juma'a suna iya ware yini ɗaya a kowane zango, iyaye su haɗa kuɗin mota, a karanta babin lokutan salla da na taimama a fili, da malami ɗaya ga kowane yara goma. Wanda ya rasa hutun damina, ya nufi na Disamba: an gama girbin dawa, sauro ya ragu, hanyoyin ƙauye sun bushe, ana sussuka a bayan gari, kanya kuma tana nuna.