Rumfunan okid a Nakhon Pathom

Mutanenmu da ke zuwa Bankok sari yawanci iyakarsu kasuwar Pratunam, su ɗaure kaya su juyo. Da za su ƙara tafiyar kamar awa ɗaya yamma da birnin, zuwa lardin Nakhon Pathom, da sun ga abin da ya fi hajar kasuwa burge ni: gonakin furen okid, rumfa bayan rumfa a gefen magudanan ruwa, har ido ya gaji.

Turawa da gilashi suke gina ɗakin shuka don ya riƙe ɗumi. Mutanen Tailan zafi ya yi musu yawa, sai suka nemi inuwa da iska. Dogayen ginshiƙan siminti ne, an shimfiɗa baƙar raga a sama mai rage kusan rabin hasken rana, gefuna a buɗe. Shi ke nan ginin.

Wani dattijo ya shigar da ni tasa rumfar a bayan gida, wadda ba ta fi faɗin ɗaki ɗaya ba. Ko ƙwayar ƙasa babu a tukwanensa. Nau'in Dendrobium na zaune kan ɓawon kwakwa da gawayi bisa tebur, Vanda kuwa rataye take a ɗan kwandon katako, saiwoyinta na reto a iska. Ya fesa ruwa, saiwar da take fara-fara ta rikiɗe ta koma kore a gabana, don soson da ya lulluɓe ta ya sha ya ƙoshi. Da safe yake ban-ruwa don komai ya bushe kafin dare, saboda ruɓewa ta fi ƙishirwa kashe okid. Ganin farko sai ka ce kauci ce, tunda a daji kan itace take zama, amma ba ta tsotsar itacen, wurin zama kawai ta ara. Dattijon ya bi shukokin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga ganye yana leƙa ƙarƙashi, ba gaggawa, kuma wallahi wannan natsuwa tasa ta fi furen kama ni.

Ba da ka aka yi wannan sana'a ba. Farfesa Rapee Sagarik na Jami'ar Kasetsart, wanda ya rasu a 2018, ya ƙarar da rayuwarsa wajen fitar da okid daga lambun masu kuɗi zuwa hannun ƙaramin manomi, kuma a 1978 Bankok ta karɓi baƙuncin taron okid na duniya. Irin okid ƙura-ƙura ne, shi ya sa a cikin kwalba ake renon dashe, manomi ya saya ya fasa. Yau ana yankan fure da sassafe, a cusa gindin kowane kara cikin ɗan bututun ruwa, jirgi ya kwashe zuwa Japan da Amurka.

Mu a Babban Duhu, da duk yankin Safana da Batsari, kafa rumfa ba baƙon aiki ba ne, gawayi da tsingaron tukunya kuma ga su nan. Inda muka rabu da mutanen Tailan shi ne laima. Iskarsu jiƙe take, tamu da hunturu fasa leɓe take yi, bazara kuma zafi kan haura digiri 40. Mai son gwadawa sai ya kare ɓangaren arewa maso gabas da zana, ya ninka ragar a watan Afrilu, ya zuba yashi a ƙasa yana jiƙa shi, ya kuma tara ruwan damina, don ruwan da gishiri ya yi wa yawa yana ƙona bakin saiwa. Kada ya fara da Vanda, ba za ta jure bushewarmu ba. Akwai Ansellia africana, okid ɗin Afirka mai ɗige-ɗige a fure, wadda ke adana ruwa a karanta kuma ta saba da dogon rani. Ita ce ta farawa.