Zuciya ke fara shiga fili

A ƙasarmu ta Gobir, daga Gatawa har Sabon Birni da Isa, kaka ita ce lokacin maza. Gero ya shiga rumbu, makaɗa su fito, a share filin kokawa a zagaye shi. A irin waɗannan filaye na yi ƙuruciyata, a gefensu kuma na tsufa ina kallo. Abin da shekaru suka koya mini shi ne yawancin kaye a zuci yake faruwa tun kafin a kama juna. Magabata sun ce faɗuwar gaba asarar namiji.

Mai ido yana gane wanda zai faɗi tun daga shigowa. Za ka ga ƙato, ƙirji cike da layu, damtse ɗaure da kambu, amma yana ta waiwayen mutanensa, yana gyara ɗamarar da ba ta kwance ba. Abokin karonsa kuwa ya duƙa ya shafi ƙasa, ya murza tafin hannu, idonsa na kan ƙugun abokin gaba, numfashinsa a kwance. Da an kama, mai tsoro yakan ƙanƙame jiki, ya zuba ƙarfinsa duka a karon farko, nan da nan ya gaji. Mai natsuwa yakan jira har ya ji inda nauyin mutum ya karkata, sannan ya ɗauke ƙafar.

Daga ina wannan natsuwa take zuwa? Samari da yawa suna zaton kirari ke kawo ta. Gaskiya kiɗa na tsima namiji. Duk wanda ya san yadda Ɗan Anace yake zuga Shago a fagen dambe ya san haka. Sai dai kalangu abin da ke cikin mutum yake tasarwa. Wanda ya kwashe damina yana noma, yana ɗaukar dami, yana gwada kamu da 'yan'uwansa da yamma, ya san iyakar abin da ƙafarsa da bayansa za su ɗauka. Wannan sanin shi ne yarda da kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ba mu misali. Tun 1975 suke gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Jihohi 8 ke kawo 'yan kokawa goma-goma. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin har sau 6, sunansa kaɗai yakan sa gwiwar wasu ta yi sanyi. Amma a ƙarshen 2024, a Doso, gaban mutanen garinsa, Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a karon ƙarshe. Da Abba ya shiga yana lissafin takubban Isaka, da bai tsaya ba. Mutum ya je ya kama, kuma kowane mutum yana da ƙafar da za a iya ɗaukewa.

Akwai kuma wani abu mai kama da yarda da kai, wanda ke kai maza ƙasa, wato raini. Mai raini ba ya nazarin abokin karonsa, ba ya jin gyaran manya. Mai yarda da kansa yakan zauna ya kalli kokawar wanda zai haɗu da shi, ya gane hannun da yake fara kaiwa. In an kayar da shi, ya tashi ya kaɗe ƙasa, ya ba da hannu, ya koma ya gyara.

'Ya'yana, na san halin da yankinmu yake ciki. Rashin tsaro ya rage taron kaka, yara da yawa sun tashi da fargaba a zuci. Shi ya sa nake roƙon iyaye da masu unguwanni, duk inda aka samu sarari, a share wa yara fili, ko na kokawa ko na ƙwallo. In yaro ya faɗi kada a yi masa ihu, a nuna masa inda ya saki ƙafa, a ce ya sake shiga. Yaron da ya saba tsayawa gaban wanda ya fi shi, shi ne gobe zai tsaya gaban jarrabawa, da fatauci, da riƙon gida.