Tukuici Ba Albashi Ba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata magana da 'yar ƙanwata ta zo mini da ita, wadda ta tuna mini da abin da ya same ni tun ina saurayi.

Yarinyar nan ta sami aikin kai wa baƙi abinci a wani gidan cin abinci da ke Osu, a nan Akra. Da na tambaye ta nawa aka yanka mata a wata, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, albashin kam ba shi da yawa, amma manaja ya ce kada in damu, baƙi suna ba da dashi." Wallahi da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, domin kuwa ita ce maganar da aka faɗa mini a 1998, ranar da na fara irin wannan aiki a wani otal.

Shekara uku na yi ina ɗaukar faranti. A watan Disamba, lokacin da 'yan ƙasa mazauna Turai da Amurka suke dawowa hutu, aljihuna ba ya rabuwa da kuɗi. To amma da damina ta kankama a watan Yuni, sai ka ga tebura wayam, mu yini a tsaye babu wanda ya miƙo ko sisi. Mai gidan haya kuwa bai san damina ba, nasa dai a cika masa. Na koyi yi wa mutum murmushi ko da ya zage ni, domin na san abincin gidanmu yana cikin aljihunsa.

Akwai wani dattijo da yake wanke tukwane a bayan kicin, muna ce masa Baba. Wani dare wani baƙo ya yaba tsabtar wurin da daɗin miya, ya ba ni kuɗi mai kauri. Na shiga ciki ina murna, sai na tarar da Baba a duƙe, hannuwansa duk sun tsage saboda sabulu da ruwan zafi. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka ci rabonka, mu ba a ganinmu." Na raba kuɗin da shi, amma har yau maganar ba ta bar zuciyata ba. Wanda ya dafa da wanda ya wanke suna bayan bango, ni da na ɗauko kawai ni aka gani.

Mai karatu, mu Hausawa mun san tukuici tun kaka da kakanni. Idan aka aiko yaro da tuwon salla ko da goron suna, akan ba shi ɗan wani abu don a nuna an ji daɗi. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ɗauki ɗan aiki ya ce masa ya je ya rayu da tukuici ba. Tukuici kyauta ce, mai bayarwa yana da zaɓi. Albashi kuwa haƙƙi ne, bashi ne a wuyan mai gida. Ranar da aka gwama su, to mai gida ya sauke kayansa ya ɗora wa baƙo, ma'aikaci kuma ya koma mai jiran tsammani.

Wani zai ce ai haka ake yi a Amurka. Gaskiya ne, kuma 'yan'uwanmu da ke can sun sha ba mu labari. A 1991 dokar tarayyar ƙasar ta sa dala 2.13 a awa a matsayin mafi ƙarancin abin da za a biya mai karɓar tukuici, alhali na sauran ma'aikata an kai shi dala 7.25 a 2009. Shi ya sa mai cin abinci a can yakan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin da ya ci. Duk da haka doka ta ce idan tukuicin bai cike giɓin ba, dole mai gida ya cika, kuma jiha irin Kalifoniya ta hana a rage albashi saboda tukuici. Mu a nan an kwaso rabin al'adar an bar rabi: an rage albashi, baƙon kuma babu abin da ya ɗaure shi.

Ƙasarmu Gana ba ta rasa doka ba. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta tsayar da aiki a kan awa 8 a rana ko 40 a mako, ta kuma ba ma'aikaci hutun kwana 15 na aiki a shekara tare da biya. Kwamitin gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da ƙungiyoyin ƙwadago shi yake yanke mafi ƙarancin ladan yini. A 2023 sidi 14.88 ne, a 2024 ya koma sidi 18.15. Ka lissafa wannan na 2024 sau kwana 27, bai kai sidi 500 ba. Bugu da ƙari, mai gida ne zai zuba wa ma'aikacinsa kashi 13 cikin ɗari na kuɗin fansho, a cire kashi 5.5 daga albashinsa. Tukuicin da aka cusa maka a hannu ba ya shiga wannan lissafi, don haka ranar tsufa babu shi.

Sai dai kada mu yi ta nuna Osu da yatsa mu manta da gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Nima da Mamobi da Zangon Kumasi, su wa suke tashi tun kafin asuba su hura wutar wake da shinkafa, su dama koko, su soya ƙosai, su wanke kwanuka har azahar? 'Ya'yanmu ne da 'ya'yan maƙwabta. Su ba su san dashi ba, kuma da yawa ba a yanka musu lada a fili ba, sai a ce ai 'yar gida ce, tana ci tana sha. Na san iyayenmu mata masu wannan sana'a suna fama da tsadar gawayi da mai da shinkafa, ba na raina wahalarsu. Amma zumunci bai kamata ya zama hanyar cin gumin yarinya ba.

Na ce wa 'yar ƙanwata ta koma ta nemi a rubuta mata albashinta a takarda, ta kuma tambaya ko an yi mata rajistar fansho. Ta ce, "Kawu, in suka kore ni fa?" Ban iya ce mata ba za su kore ta ba. Na dai ce idan za ta je, ta tafi tare da abokan aikinta, har da na bayan kicin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma mai karatu, idan ka ci ka ji daɗi, ba da tukuici, kada ka fasa. Amma idan kai ne mai tukunya, fara biyan lada cikakke kuma a kan lokaci. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, amin.