Tsakanin Shafi da Shafi

Uban da zai aurar da 'yarsa, idan ya je sayen kayan ɗaki, ƙyalli yake dubawa. Ya shafa gado ya ji santsi, ya biya. Kafintoci sun san haka, shi ya sa wasunsu kan lafta banish mai kauri sau ɗaya, su shanya a rana, su miƙa. Kafin damina biyu sai fuskar katakon ta fara saɓa kamar maciji, kunya kuwa amarya ce ke shan ta a gaban baƙi.

Aikin ƙwarai ba ya yiwuwa da shafi ɗaya. Maɗaci da loko itatuwa ne masu buɗaɗɗun ƙofofi, saboda haka shafin farko akan sirka shi ya yi ruwa-ruwa don katako ya sha. Yana bushewa sai ƙananan zaruruwan itacen su sandare a tsaye, fuskar da ɗazu take sumul ta koma kaushi. A nan samfefa ke shigowa, mai lamba 220 ko 320, domin gwargwadon girman lamba gwargwadon laushin yashinta. Ana bin tsawon jijiyar katako da ita, da hannu sakwa-sakwa. Wanda ya gitta ya bar zanen da shafi na gaba zai daɗa tona masa asiri. Idan farin gari ya tashi, shafin ya bushe. Idan kuwa ya danƙare a jikin takardar, an yi gaggawa.

Akwai kuma dalilin da ido ba ya gani. Shalak, wato ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, da sifirit ake narka shi, don haka sabon shafi kan narkar da fuskar tsohon su zama jiki ɗaya. Poliyuretan kuwa, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937, idan ya ƙame ba ya sake narkewa. Sabon shafi zama kawai yake yi a kansa, kuma in bai sami 'yan ƙarce-ƙarcen samfefa da zai riƙe ba, wata rana ɓarewa zai yi. Kafintan da ya gaji hannun mai shalak, ya koma poliyuretan bai sake dabara ba, kayansa za su ba shi kunya.

Yanayi ma da nasa. Da hunturu shafi kan bushe da wuri, amma ƙura kan sauka a kansa tun yana ɗanye, shi ya sa masu lura kan yayyafa ruwa a ƙasan rumfa kafin su ɗauki burushi. Da damina laima kan ja bushewar.

Shafi uku marasa kauri, da guga biyu a tsakani, sukan ci kwana biyu ko uku. Laftawa kuwa yini guda ce. A ranar ciniki gadajen biyu ƙyallinsu ɗaya, mai saye kuma kuɗi ɗaya yake tayawa.