Kaburbura 202 Marasa Suna a Caroy

Mu da kuka tura Dakar taron ƙungiyoyin asusu mun dawo lafiya, kuma rahoton taron yana hannun shugabanninku. A nan labarin wani wuri za mu ba ku, maƙabartar sojoji ta Caroy, wadda ake rubutawa Thiaroye, da muka ziyarta ranar hutu.

Ba ta da nisa da tsakiyar birni, kamar kilomita 15, amma cunkoson motoci ya sa muka daɗe a hanya. Sojojin Sanigal ne ke kula da wurin. Mai yi mana jagora yana magana da Faransanci, ɗiyarmu ta Tawa tana mayar mana da Hausa, muna tafe a ƙasa layi bayan layi.

Kaburbura 202 ne, farare tas, an zuba musu ɓawon dodon koɗi na bakin teku, ga manyan kukoki biyu irin na gida. Babu suna ko ɗaya. Ba sunan mamaci, ba na ubansa, ba na garinsu. Hajiyarmu ta Damagaram, duk da ciwon gwiwa, sai da ta bi layi biyu tana dubawa don ta tabbatar da idonta.

Ga abin da ya faru. A yaƙin duniya na biyu Faransa ta kwashi samari daga ƙasashen da take mulka. Ana ce musu tirayar na Sanigal, amma suna ne kawai: akwai ƴan Mali, Gini, Kodibuwa, Benin, Cadi, har da namu na Nijar. A 1940 Jamus ta kama da yawa, ta tsare su a sansanoni cikin Faransa shekara huɗu suna aikin ƙarfi. Da aka sako su, aka zuba fiye da dubu a jirgin ruwa, suka sauka Dakar ranar 21 ga Nuwamba 1944. Suna bin gwamnati albashin shekarun da suka yi a tsare da kuɗin sallama. Aka ce su hau jirgin ƙasa zuwa Bamako, kuɗi zai biyo su gida. Suka ce a'a, sai an biya.

Nan ne muka kalli juna. Wace ce cikinmu za ta yarda ranar rabon asusu a ce kowa ta tafi gida, za a aiko mata da nata? Mu da akwatinmu ke da makulli uku a hannun mata uku, kuma ba a ƙirga ko dala sai gaban kowa? Mutanen nan sun san in suka watse cikin ƙauyuka, wani Gawo, wani Zindar, babu mai sake jin muryarsu. Haƙƙinsu suka tsaya a kai, ba roƙo suka yi ba.

Da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka tara su a fili, aka buɗe musu wuta da manyan bindigogi. Rahoton soja na lokacin ya ce mutum 35 suka mutu, ya kuma kira abin tawaye. A 2014 shugaba François Hollande ya zo nan ya ce sun kai 70. Masu binciken tarihi na cewa 300 zuwa 400. Waɗanda suka tsira ma ba a ƙyale su ba, 34 aka yanke wa ɗauri, wasu har shekara 10. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaba Macron ya rubuta cewa kisan kiyashi ne.

Jagoran bai ɓoye mana ba cewa maƙabartar ta girmi wannan kisa, don haka ba kowane kabari ne na mutanen 1944 ba. Ya kai mu gindin kuka, inda mutanen unguwa suka daɗe suna cewa an binne wasu a rami ɗaya. Muka tsaya muka yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu. Wata cikinmu ta ce ita matansu take tunani. An ce musu yaƙi ya ƙare, sun share ɗaki, sun yi kitso, shiru. Ba gawa, ba takarda, ba kuɗin, ba ta san ranar da za ta fara takaba ba.

Roƙonmu gare ku: a zaman mako mai zuwa, bayan zubi, ku tambaya ko akwai wadda kakanta ya tafi yaƙin Nasara bai dawo ba. In akwai tsohon karne na soja, lambar girma ko hoton ƴan mazan jiya a ƙasan adaka, kada yara su yi wasa da su. A sa a leda, sakatariya ta rubuta sunan mutumin, na mahaifinsa, garinsu da lambar da ke kan karnen.